Murya ta Uku a Bikin 'Yar Don Galseran

Shaɗiba, watan Rabi'ul Awwal, shekara ta 919

Daga Hilal ɗan Sa'adun mai molo, zuwa ga Ubaidu ɗan Gwaggo Najma, a birnin Nabuli.

Da sunan Allah. Yaya Ubaidu, taubashina kuma bawana, ina gaishe ka gaisuwar da ta kai wuyanka tsawo, ka san kuwa ba ƙaramar gaisuwa ba ce. Muna lafiya. Gwaggo Najma, uwarka, tana nan da ƙarfinta, jiya ma ta jefe ni da ludayi kuma ta same ni. Ƙafarta ce dai ke kumbura idan an yi ruwa. Baba jikinsa lafiya, idon ne ya ƙara dushewa, yanzu da murya yake gane mutum. Ɓauren ƙofar gida ya yi 'ya'ya, ba za mu ajiye maka ba.

To ka gyara zama, don wannan karon ba wasa ya kawo ni ba.

Uban gidanmu, Banasaren nan Don Galseran, ya ɗauko sabon shugaban mawaƙa daga can ƙasar sanyi, Falandas. Wani dogon mutum ne mai jan hanci, sunansa Kornelis. Ya zo da mawaƙansa, su kuwa waƙa huɗu daban-daban suke yi a lokaci ɗaya, kuma ba sa faɗa. Na laɓe a bayan taga don in samu abin dariya, dariyar ta ƙi zuwa. Abin da daɗi, Yaya, Allah ya isa. Na dai rama: na jefa gyare a cikin molon wani ɗan rakiyarsa, ya shigar musu da murya ta biyar a gaban baƙi. Aka kama ni, na rantse ba ni ba ne, Baba ya ba da haƙuri.

Ranar Talata aka kira Baba, ni na ja masa hannu. Kornelis ya ce, "Tsoho, me kake karantawa idan kana kiɗa?"

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, a da fuskar mutane nake karantawa. Yanzu numfashinsu."

Ya ce, "Ni ba na aiki da wanda kiɗansa ke cikin kansa kawai. Kan mutum mutuwa yake yi."

Don Galseran ya ɗan ji nauyi, don tun zamanin kakansa gidanmu ke kaɗa musu molo. Sai ya raba gardama. Bayan an gama tsinkar inabi za a yi bikin 'yarsa Biyolan. A wurin za a yi wata waƙa mai murya huɗu, mawaƙa su ɗauki uku, Baba ya kaɗa murya ta uku da molo daga takarda. In ya kaɗa daidai, yana nan a matsayinsa. In ya kuskure, Kornelis ya kawo nasa makaɗin. Ka kuma san gidan nan na bakin magudanar ruwa ba namu ba ne, na mai molon Don Galseran ne. Ranar da Baba ya daina zama shi, ranar za mu ɗaure kaya, har da uwarka da kumburarriyar ƙafarta.

Kornelis ya miƙo takardar, ya tattara mutanensa ya tafi birnin Balansiya, wai sai ranar biki. Na ce ba za a gwada tare ba? Ya ce wanda ya iya karatu ba ya bukatar gwaji.

Ga takardar nan na naɗe a cikin wannan. Ba hannu ya rubuta ta ba, wai a birnin Bunduƙiyya ake buga su kamar hatimi. Babu harafi ɗaya da na sani a ciki, sai ɗigo-ɗigo masu jela, kamar talibambam sun hau igiyar shanya. Na kai wa Liman, ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, ya ce in nemi tsari. Duba abin takaici: garin nan namu shi ke yi wa duniya takarda, yau takarda ce za ta kore mu daga gida.

Kai ka zauna da Nasara, ka iya abinsu. Ka mayar min da talibambam ɗin nan abin da mai ilimin allo zai gane, in karanta in kaɗa wa Baba, shi kuma ya ɗauka da kunne. Ka ba Mikel mai fataucin siliki amsar, jirginsa zai juyo.

Ubangidanka,
Hilal

*

Nabuli, watan Jimada Ula

Hilal,

Aminci ya tabbata gare ku. Na gode wa Allah da jin lafiyar Inna, ka ce mata ta riƙa ɗora ƙafar a kan matashi. Ka durƙusa ka gaishe min da Kawu. Ni lafiya lau, tari ne ya ɗan dame ni da bazara, ya wuce.

Na daɗe ina juya wasiƙarka ina neman inda ka ɓoye ƙaya. Kai ne bara ka rubuto min cewa uwata ta auri mai jakunan gishiri, na yi kwana da kwanaki abinci ba ya min daɗi. Amma takardar Bunduƙiyya ta gaskiya ce, na san waƙar, ana yin ta a gidan uwar ɗakina. Don haka na yarda da kai, kada ka sa in yi nadama.

Na mayar da muryar Kawu irin rubutun da masu molo ke amfani da shi a nan. Ka lura da kyau. Layukan da na ja su ne tsirkiyoyin molo, na sama ita ce mai kaurin murya. Lambar da ke kan layi tana gaya maka inda za ka danna: sifili, ka bar tsirkiya a sake, ɗaya, ɗauri na farko, haka har sama. 'Yan tutocin da ke kan lambobin su ne tsawon lokaci. Tuta marar reshe ka ja ta, mai reshe ɗaya rabinta, mai reshe biyu rabin wancan.

Na ce ɗauri, don dole ku ɗaura hanjin rago a wuyan molon Kawu, zobe bayan zobe, kamar matakala. Na zana maka tazararsu a gefen takarda, ka auna da zare. Na san Kawu ba zai so ba. Ka lallashe shi. Ba tare da ɗaurin ba muryarsa za ta riƙa zamewa tsakanin na mawaƙa, su kuwa ba sa yafe wannan.

Abu mafi muhimmanci: kada ku firgita idan kun ji waƙar ba ta da daɗi. Wannan kiɗan ba irin namu ba ne, inda mutum ɗaya ke riƙe da waƙa gaba ɗayanta. Murya ta uku ita kaɗai kamar ginshiƙi ɗaya ne a fili, ba ka ganin gida sai an ɗora sauran. Za ta yi ta tsayawa inda ba ku zata ba. Haka take. Ranar biki kuma Kawu ya riƙe tasa, kada ya bi kowa, ko da ya ji kamar sun rabu. Za su haɗu a gaba. Wanda ya saurari maƙwabcinsa shi ke faɗuwa.

Abubuwa na sauyawa da sauri, ƙanena. A nan an ajiye gashin mikiya da muke kaɗa tsirkiya da shi, da yatsu ake kiɗa, mutum ɗaya ya fitar da murya uku daga molo ɗaya. Ranar da na kaɗa musu waƙar Kawu ta shigar amarya, sun saurara kamar ana nuna musu tsohuwar riga, suka ce in sake ta don wani baƙo ya gani. Tun daga ranar ban ƙara kaɗa ta ba.

Ka bar wasa har a gama bikin nan. Ni ba bawanka ba ne.

Ubaidu

*

Shaɗiba, watan Jimada Sani

Yaya Ubaidu, bawan da ya yi wa ubangidansa aiki mai kyau,

Gaisuwa da godiya. Kowa lafiya. Gwaggo ta ce matashi ɗaya ne a gidan kuma kanta ya riga ƙafarta. Ta sa na karanta mata wasiƙarka har ta haddace tarinka, yanzu kowa ya shigo sai ta ba shi labarinsa. Zafi ya yi yawa, magudanar ruwa ta ja baya.

Mun yi ɗaurin. Ban taɓa ganin aiki mai nauyi irinsa ba. Baba ya rungume molon ya ce, "Kakanka ya kaɗa shi, ni na kaɗa shi, ba a taɓa sa masa takunkumi ba." Na ce, "Baba, na wata uku ne." Sai ya miƙo min wuyan kamar mai miƙa rago ga mahauci. Da na gama ya bi ɗaurin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya gwada jan muryar nan tasa da ke sa mata hawaye, ta maƙale a hanya. Ya ce, "Muryoyin da ke zaune tsakanin ɗauri da ɗauri fa, ina za su?"

Na ce, "Yaya ya ce Nasara ba sa amfani da su."

Ya ce, "To, Allah ya ji ƙansu."

Takardarka kuwa, da farko na rataya ta a wuyan akuya ko za ta riga ni ganewa, ta ci kusurwa ɗaya, amma ba wurin rubutu ba. Na wanke hannu, na fuskanci alƙibla, na yi Bismillah, na ɗora yatsa a dama kamar yadda Malam ya koya mana a allo, na bi ta sahu-sahu har ƙasa. Da na san ilimin Nasara bai wuce ƙirgen kaji ba, da tuni ni ne shugaban mawaƙan Paparoma.

Amma Yaya, wannan waƙa! Ka ce ginshiƙi, ni ban ga ko turken jaki ba. Babban hutunta yana zuwa a farkon sahun ƙarshe, ka ce ta gama, sai ta sake tashi ta yi ta tafiya, ta ƙare ƙafa ɗaya a sama kamar zakara a kan garwashi. Gwaggo ta ce in mun fara, kajin maƙwabta daina ƙwai suke yi. Baba ya ce, "Wanda ya yi waƙar nan bai taɓa yin sallama ya shiga gidan mutane ba." Na karanta masa inda ka ce haka take. Ya ce, "Tunda Ubaidu ya faɗa."

Kullum da hantsi muna ƙarƙashin ɓaure, ni in kaɗa guntu, shi ya maimaita. Ka san kunnen Baba, abin da ya shiga ba ya fita. Sai dai waƙar ba ta da inda za a kama ta, don haka yana shan wuya. Yatsunsa sun yi kanta a sabon wuri saboda ɗaurin. Ya daina kaɗa nasa gaba ɗaya, wai kada su gauraya. An kira shi bikin suna sau biyu ya ƙi zuwa. Wani lokaci in na ga yana lissafa tutocinka da ƙafa, bakinsa na motsi kamar ɗan makaranta, sai in tashi in je in tsokani akuya, don ba na iya kallo.

Inabi ya fara nuna. In da abin da na manta, ka faɗa da wuri.

Malamin kiɗa na Shaɗiba da kewaye,
Hilal

*

Nabuli, ƙarshen Rajab

Hilal,

Ina fatan kuna lafiya, ba ni da lokacin doguwar gaisuwa, jirgi na shirin tashi.

Daga HAGU ake farawa. Kowane sahu daga hagu zuwa dama, kamar rubutun Nasara. Ban faɗa maka ba don na daɗe a cikinsu har na manta cewa abin faɗa ne.

Wasiƙarka ta same ni tun farkon wata. Na karanta zancen akuya da alƙibla da Paparoma, na ga ka ɗora yatsa a dama, na yi dariya na ce yaron nan ba zai shiryu ba, na ajiye ta. Muka tafi gidan gona da uwar ɗakina. Jiya na sake ɗaukar ta don in ba wani abokina dariya, na zo inda ka ce babban hutu yana farkon sahun ƙarshe. Hilal, wannan hutun shi ne ƙarshen waƙar. Mai wasa ba zai san ya faɗi haka ba. Na ɗauki molo na kaɗa ta yadda ka kwatanta, na ji ta a juye.

In tsokana ce, Allah ya shirye ka, kuma na yafe. In ba tsokana ba ce, ku bar komai ku sake daga farko yau ɗin nan. In lokaci ya ƙure, Kawu ya ce ba shi da lafiya. Gara a ce bai zo ba.

Ubaidu

*

Shaɗiba, watan Sha'aban

Yaya Ubaidu,

Muna nan da rai. Gwaggo lafiya. Baba yana cin abinci kaɗan.

Wasiƙarka ta iso. Iska ta tsare jirgin Mikel a tsibirin Mayurƙa, ya kawo min ita ana share bawon lemo daga farfajiyar biki. Na karanta a tsaye a bakin hanya. Ban ga laifinka ba. Bari in gaya maka yadda aka yi, don babu wanda zan gaya wa a nan.

Da la'asar aka yi, a tsakar gidan Don Galseran. Dangin ango sun zo daga Balansiya, mata da mafitai, maza da takubba na ado. Gwaggo ta wanke wa Baba farar rigarsa ta turara ta. Na zaunar da shi a gefen mawaƙa, na tsaya a bayansa riƙe da takardarka don mutane su ga muna da ita. Kafin a fara ya jawo hannuna ya ce a hankali, "Ba mu ji kunya ba, ko?" Na ce, "Baba, yau Jan Hanci zai nemi ka koya masa."

Kornelis ya ɗaga hannu, aka shiga tare.

Tun daga numfashin farko na san akwai abin da ya faru. Nasu uku suna tafiya kamar ruwa, na Baba yana sukar su ta gefe. Na ce a raina za su haɗu a gaba, Yaya ya faɗa. Baba ma ya ji, na ga wuyansa ya ƙage, amma ya sunkuyar da kai ya riƙe tasa, bai bi kowa ba. Mai siririyar murya ya fara ɓata. Mai kauri ya juyo yana harara. Wata tsohuwa daga dangin ango ta tuntsire da dariya a bayan mafici, daga nan abin ya bi layi. Amarya ta rufe fuska. Mawaƙa suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya, aka bar Baba shi kaɗai yana ta kaɗawa, yana buga ƙafa yana lissafi, don ba ya ganin hannun Kornelis da ke ce masa ya tsaya. Ni na dafa kafaɗarsa.

Kornelis ya fizge takardar daga hannuna, ya duba, ya ce, "Rubutun daidai ne. Wa ya karanta masa?"

Na ce, "Ni."

"Nuna min inda ka fara."

Na ɗora yatsa a dama.

Ya dubi yatsan, ya dube ni. Na ga lokacin da ya tuna fuskata. Ya juya ga jama'a ya ce da ƙarfi, "Ranka ya daɗe, ai wannan ne mai gyare! Ya koya wa ubansa waƙar a juye, daga wutsiya zuwa kai!"

Na ce ban sani ba. Na ce haka muke karatu. Wani daga baya ya ce, "Ƙarya yake, shi ne ya ɗinke wa mai gadi hannun riga yana barci!" Wani ya tuno wani abin. Har masu dafa abinci, mutanen unguwarmu, suna girgiza kai suna murmushi, wai Hilal ya yi ta babba yau. Ɗaya ma ya ɗaga min babban yatsa a ɓoye.

Don Galseran bai yi dariya ba. Ya ce, "Sa'adun, na ba ka dama don girman ubanka, ɗanka ya mai da bikin 'yata dandalin wasansa. Ku kai ƙarshen azuminku, sannan ku ba ni gidana."

Baba ya ce, "Mun gode, ranka ya daɗe."

Na ja masa hannu har muka zo gada. Nan ya tsaya ya ce, "Hilal, da gangan ne?"

Na ce, "Wallahi tallahi, Baba, ban sani ba."

Ya ce, "Haka ka ce ranar gyare." Ya zare hannunsa daga nawa, ya bi bango da tafin hannu har gida.

Yaya, gidan ya tafi, na san babu mai dawo da shi. Ba shi nake roƙo ba. Baba yana zaune yana ganin ɗansa ya sa shi ya yi wata uku yana haddace abin dariya, yana kallonsa kullum da hantsi, don kawai a yi nishaɗi rana ɗaya. Da wannan yake kwana yake tashi. Na kai masa wasiƙarka ta hagu, ya ce in fitar masa da takarda daga ɗaki. Kai yake ji. Ka rubuto masa, shi da kansa, da sunansa a sama. Ka gaya masa.

Hilal

*

Nabuli, watan Shawwal

Zuwa ga Kawuna Sa'adun, wanda ya fara ɗora yatsuna a kan tsirkiya.

Kawu, ina durƙushe ina gaishe ka. Ina fatan an sha ruwa lafiya, an yi salla lafiya. Allah ya ƙara wa idonka haske, ya ba Inna sauƙin ƙafa.

Kawu, Hilal bai yi maka wasa ba. Ni na rubuta takardar, na bayyana masa layi da lamba da tuta, ban gaya masa gefen da ake farawa ba. Duk wanda aka koya wa karatu a allo, a dama zai ɗora yatsa. Ni ma haka na yi a shekarata ta farko a nan, sai dai ni akwai wanda ya buge min hannu. Ya kuma rubuto min yadda yake karantawa tun da sauran lokaci, na ɗauka tsokana ce, na yi shiru. Ni ne kuma na ce ka riƙe taka ko ka ji an rabu. Da ban faɗi haka ba, kunnenka da ya tsayar da kai tun a tsakar gida.

In akwai wanda za ka yi fushi da shi, ga ni. Yaron nan yana da rawar kai, amma bai taɓa wasa da molonka ba, kai ma ka sani.

Na nemi izinin zuwa gida, uwar ɗakina ta ce sai bayan hunturu, in Allah ya kai mu, kuma ba ta yi alkawari ba.

Ɗanka,
Ubaidu

*

Shaɗiba, watan Zulƙida

Yaya,

Muna gaishe ka. Mun tashi. Muna ɗaki biyu a bayan gidan yin takarda, wajen Ƙofar Ruwa. Gwaggo ba ta son wurin saboda danshi, ƙafar ta kai gwiwa. Ni na samu aiki a nan, ina tsince tsummoki kafin a zuba su a turmin ruwa. Guduma tana bugawa tun safe har magariba, ba a jin maganar juna, wannan ya yi min daidai. Sabon mai molon Don ya shiga gidanmu, wani saurayi ne daga Balansiya. An ce ya iya.

Baba bai taɓa molon ba tun ranar. Na ce in yanke ɗaurin, ya ce in bar shi yadda na mai da shi.

Wasiƙarka ta zo ranar Juma'a. Na jira ya dawo daga masallaci, ya ci abinci. Na durƙusa a bakin ƙofa na ce, "Baba, saƙo ne daga Yaya Ubaidu, da sunanka a sama." Bai kore ni ba. Gwaggo ta zo ta zauna. Na karanta a hankali, ban ƙara ba, ban rage ba. Da na zo inda ka ce kunnensa da ya tsayar da shi, na tsaya na maimaita. Gwaggo tana ta sharar hawaye tana cewa, "Ka ji ko, Sa'adun? Ka ji yaron?"

Baba ya jira na kai ƙarshe. Sannan ya ce, "Ka iya. Har yadda yake jan 'Kawu' ka kwaikwaya."

Na ce, "Baba, ga takardar, taɓa ka ji, ga hatiminsa."

Ya ce, "Takarda ai a bayan ɗakin nan ake yin ta."

Na ce mu je wurin Liman ya karanta masa da bakinsa. Ya ce an yi masa dariya a gaban Nasara, ba zai ɗauki abin da ƙafarsa ya kai gaban Liman a sake ba. Gwaggo ta ce ita ta yarda. Ya ce, "Ke ai kin yarda ranar da ya karanta miki cewa ɗanki ya zama sarkin jiragen ruwa." Ba da faɗa ya faɗa ba, Yaya. Da ma da faɗa ne. Ya ce in miƙo masa buta, na miƙa, ya ce ya gode, kamar yadda yake ce wa baƙo.

Yanzu Gwaggo ke ja masa hannu zuwa masallaci, tana ɗingishi, ni ina bin su daga nesa don kada su faɗi.

Ka zo. Ka tsaya a gabansa ya ji muryarka daga bakinka, ya shafa fuskarka. Tarin da ya kama shi tun da muka dawo nan bai sake shi ba, ban san ko zai jira bayan hunturu ba. In ba za ka iya zuwa ba, kada ka ƙara wahalar da Mikel. A gidan nan ni kaɗai ke karatu.

Hilal